Yadda ake shiga gwajin magani ko rigakafi a matsayin ɗan sa-kai

Masu karatu sun yi ta aiko da tambaya ɗaya ta fuskoki daban-daban: yaya mutum zai shiga gwajin magani ko rigakafi? Akwai uwar da aka ce mata a asibitin masu sikila ana wani bincike da ɗanta zai iya shiga, ta rasa ko ta yarda ko ta ƙi. Akwai ɗalibin da ya ga sanarwar neman masu cikakkiyar lafiya da za a gwada rigakafi a jikinsu, wai har da ɗan abin sakawa a aljihu. Akwai kuma wanda ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, shi da kansa yake cigiyar inda ake gwada sabon magani. Hanyar da dukkansu za su bi kusan ɗaya ce, ita ce na jera a ƙasa.

Kafin komai a riƙe wannan: gwajin magani bincike ne, masu yinsa ba su san amsa ba tukuna. Da sun sani da ba su nemi 'yan sa-kai ba. Kana iya amfana, kana iya fita yadda ka shiga, kana kuma iya jin jiki. Mutanen Kano ba a littafi suka karanta wannan ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, a binciken da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, 5 a rukunin Trovan, 6 a rukunin ɗaya maganin da aka kwatanta shi da shi. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Ka'idar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa ta 2007 da Dokar Lafiya ta 2014 sun ba ɗan sa-kai haƙƙoƙi masu yawa a Najeriya, sai dai yawancinsu kafin sa hannu ake cin moriyarsu. Shi ya sa na fi daɗewa a matakan farko.

1. San zangon da gwajin yake

Sabon magani ko rigakafi yana bin zango huɗu, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Zango na 1 shi ne karon farko da ake saka abin a jikin ɗan Adam. Mutane kaɗan ake ɗauka, galibi masu lafiya, don a ga ko jiki zai ɗauka da kuma adadin da ba zai cutar ba. A zango na 2 ana ƙara yawan mutane zuwa ɗaruruwa, a duba ko akwai alamar yana aiki. Zango na 3 shi ne babba, daga ɗaruruwa zuwa dubbai, inda ake kwatanta sabon abin da wanda aka saba amfani da shi. Zango na 4 kuwa bayan an riga an ba maganin lasisi ne, ana bibiyar yadda yake a hannun jama'a.

Da yawa daga abin da ke zuwa asibitocinmu daga zango na 3 yake, wani lokaci ma maganin ba sabo ba ne, adadinsa ko yadda ake ba da shi ake gwadawa. Misali binciken SPRING da aka yi a Kano da Kaduna, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2022: yara 220 masu sikila da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki aka raba biyu, wasu suna shan miligiram 10 na maganin haidroksiyuriya a kan kowane kilo na nauyinsu, wasu miligiram 20. Kowane yaro ya samu magani. A Madarunfa ta jihar Maradi kuma an gwada wani rigakafi mai jure zafi na gudawar da ƙwayar cutar rota ke jawowa a kan jarirai sama da 3,000, sakamakon ya fito a 2017.

Gargaɗi: gwajin zango na 1 ne ya fi biyan kuɗi, kuma shi ne ya fi rashin tabbas. 'Yan'uwanmu ɗalibai da ke Ingila da Amurka su ne suka fi cin karo da irin wannan talla. A 2006, a asibitin Northwick Park da ke Landan, mutum shida masu lafiya sun kwanta rai a hannun Allah 'yan sa'o'i bayan an yi musu allurar wani sabon magani. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma duk mai shiga zango na 1 ya tambaya: an taɓa ba wani mutum wannan maganin kafin ni? Mutum nawa, me ya same su?

2. Nemo gwaji ta hanyar da ta dace

Hanya mafi sauƙi ita ce likitan da ke duba ka. Idan kana zuwa asibitin sikila, na ciwon suga, na daji ko na masu juna biyu, ka tambaye shi kai tsaye ko akwai binciken da ake ɗaukar mutane irinka. Manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano, na ABU da ke Shika, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri da Jos, nan ne irin wannan aiki ya fi taruwa a arewa.

Hanya ta biyu rajistar intanet ce, kuma kyauta ce. A shafin ClinicalTrials.gov za ka rubuta sunan ciwon da Turanci, ka zaɓi ƙasa, sannan ka danna inda aka rubuta "Recruiting", wato waɗanda ke ɗaukar mutane a yanzu. Akwai kuma rajistar Afirka mai suna PACTR. Kowane gwaji za ka ga wanda ya ɗauki nauyinsa, asibitocin da ake yinsa, sharuɗɗan wanda zai shiga da wanda ba zai shiga ba, da wanda za a tuntuɓa. Karanta sharuɗɗan nan kafin ka kashe kuɗin mota. Idan an ce daga shekara 18 zuwa 50 kai kuma kana da 55, roƙo ba zai canza komai ba.

Hanya ta uku ita ce gwajin ya zo har gari, ta hannun hakimi, dagaci, mai unguwa ko liman. Haka ya kamata masu bincike su shigo, da sallama. Amma yardar mai gari izini ce ta a yi maka magana kawai, ba ta zama taka yardar ba.

Gargaɗi: ba a sayen fom ɗin shiga gwaji. Duk wanda ya turo maka saƙo ta WhatsApp ko Facebook yana neman kuɗin rajista, ko BVN, ko lambar sirrin da banki ya turo maka a waya, ɗan damfara ne. Idan ta banki za a biya ka kuɗin mota, lambar asusu kaɗai ta isa.

3. Tabbatar an ba su izini

Abu uku za ka nema, kuma mai aikin gaskiya ba zai ji haushi ba. Na farko, amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, wato kwamitin da ke duba tsarin bincike kafin a fara don kare masu shiga. A Najeriya akwai kwamitin ƙasa, NHREC, ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, sannan manyan asibitoci suna da nasu kwamitocin da ke da rajista da shi. Amincewar tana da lamba da kwanan wata, kuma yawanci shekara-shekara ake sabunta ta, don haka ka duba ko ba ta ƙare ba. Na biyu, izinin NAFDAC, idan magani ko rigakafi ake gwadawa. Na uku, lambar rajistar gwajin: ta ClinicalTrials.gov tana farawa da NCT sai lambobi takwas, ta Afirka tana farawa da PACTR. Ka saka lambar a shafin, ka ga ko sunan gwajin da asibitin sun dace da abin da aka gaya maka. A Nijar kwamitin ɗa'a na ƙasa ne ke ba da amincewa, a Gana kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar (FDA) ce ke ba da izinin gwajin magani.

A jikin takardar amincewa ana rubuta yadda za a tuntuɓi kwamitin ɗa'a, daban da lambar masu binciken. Idan babu, ka tambayi dalili. Idan akwai, ka adana ta a waya tun yanzu.

4. Zaman takardar amincewa

Wannan ne matakin da ya fi kowanne, kuma a nan aka fi yin kuskure. Za a zaunar da kai, ma'aikaci ya yi maka bayanin gwajin daga wata takarda mai shafuka da yawa, sannan a nemi sa hannunka. Doka ta ce a yi maka bayanin da harshen da kake ji. Ka nemi kwafin Hausa. Idan karatun boko bai zauna maka ba, za a karanta maka a gaban shaida, ka dangwala yatsa, shi ma shaidan ya sa hannu. Shaidan nan bai kamata ya zama ma'aikacin binciken ba. Ka zo da ɗan'uwa ko aboki da ka yarda da shi kuma ya iya karatu.

Shawarata ita ce kada ka sa hannu a ranar da aka ba ka takardar, sai dai idan gwajin na gaggawa ne da ba ya jira. Ka tafi da ita gida, ka kwana a kanta, ka nuna wa wani ma'aikacin lafiya da ba ya cikin binciken.

Babbar matsalarmu a nan kunya ce. An tarbiyyantar da mu kada mu yi wa babba ko mai ilimi ja-in-ja, sai ka ji mutum ya ce "duk yadda kuka ce, Likita" alhali bai gane rabin abin da aka faɗa ba. A wannan ɗaki alkunya cutarwa ce. Ba rashin ladabi ba ne ka ce, "Likita, ka yi haƙuri, a maimaita mini wajen illolin nan," ko uwa ta ce, "Sista, ban gane ba, shi yaron nawa wane zai sha a ciki?" Aikinsu ke nan, kuma an horar da su a kan haka.

Ga abubuwan da bai kamata ka tashi ba tare da jin amsarsu ba:

- Me ake son ganowa, kuma wa ya ɗauki nauyin binciken?
- Rukuni nawa ne, me kowane rukuni zai samu?
- Waɗanne illoli aka riga aka gani, wanne ne ya fi muni?
- Idan ban shiga ba, wane magani zan samu a asibitin nan? Wannan tambayar mutane kan manta da ita, alhali da ita ake auna komai.
- Wata nawa za a yi, zuwa nawa, kowane zuwa awa nawa, akwai kwana a asibiti?
- Zan daina wani maganin da nake sha yanzu?
- Wa zai ga bayanaina, za a zo gidana, da wace mota?

Tambayar mota ba wasa ba ce. A ƙaramar unguwa, mota mai tambarin asibiti da ke tsayawa a ƙofar gida kowane wata ta isa ta tayar da tsegumi, musamman idan binciken ya shafi ƙanjamau, tarin fuka ko rashin haihuwa. Kana da damar cewa a kira ka a waya ka je da kanka.

Sai batun jini, wanda shi ne ya fi tayar da jita-jita a garuruwanmu. Maimakon ka riƙe zargi a ciki, ka tambayi adadin da za a ɗiba a kowane zuwa da mililita. Cokalin shayi mililita 5 ne, mai ba da gudummawar jini kuma kusan mililita 450 ake ɗiba masa a zama ɗaya, sai ka kwatanta. Ka tambayi inda za a kai jinin, ko za a fitar da shi ƙasar waje, shekara nawa za a ajiye shi, ko za a yi binciken ƙwayoyin gado a kansa. Sau da yawa ajiye jini don binciken gaba yana da nasa gurbin amincewa daban, kana iya yarda da gwajin ka ƙi wannan.

Kafin ka sa hannu ka gwada kanka: za ka iya yi wa wani a gida bayanin gwajin da bakinka, har da illolin? Idan ba za ka iya ba, da sauran tambaya. Bayan sa hannu kuma kada ka fita sai da kwafinka mai ɗauke da sa hannun ɓangarorin biyu. Sa hannun bai zama kwangilar da ta ɗaure ka ba, bai kuma soke haƙƙinka na neman diyya idan an cutar da kai ba. Idan ka ga wata jimla mai kama da haka a takardar, ka dakata ka kira kwamitin ɗa'a.

5. Yi lissafin kuɗi

Maganin gwajin da gwaje-gwajen da binciken ya buƙata ba kai za ka biya ba. Yawanci ana ba da kuɗin mota, wani lokaci da abinci ko ɗan abin ɓata lokaci, kuma adadin yana rubuce a takardar. Kwamitin ɗa'a ba ya yarda adadin ya yi yawan da zai rufe wa mutum ido daga haɗari, don haka wanda ya shiga da niyyar sana'a zai sha mamaki.

Lissafin da babu mai yi maka shi ne na abin da za ka rasa. Idan zuwan ya faɗo ranar kasuwa fa? Idan damina ta sauka ana shuka? Idan uwa ce, wa zai riƙe sauran yara, kuma kuɗin motar ya haɗa da ɗan rakiya? Ka tambayi ko a ranar ake biya ko sai ƙarshen wata, don kada ka ci bashin kuɗin adaidaita sahu kana jira.

Gargaɗi: tambayar kuɗi mafi nauyi ita ce wa zai biya idan maganin ya yi maka illa. Akwai inshora? A wane asibiti za a kwantar da kai, har zuwa yaushe? Idan illar ta bayyana bayan an gama gwajin fa? Sannan ka bambanta wannan da rashin lafiyar da ba ta da alaƙa da gwajin, kamar zazzabin cizon sauro, domin wasu binciken suna ɗaukar nauyinta, wasu ba sa yi. Alƙawarin baki bai wadatar ba, ka nemi a nuna maka layin a takarda.

6. Shawarar gida: mata da yara

Matar aure, amincewar da doka ta sani taki ce, babu wanda zai sa hannu a madadinki muddin kina cikin hayyacinki. Duk da haka kada ki ɓoye wa maigida. Gwajin da zai ɗauki shekara ana kira a waya ana zuwa asibiti ba ya ɓoyuwa, kuma da yawa daga matan da ke ficewa a tsakiya, rashin wannan shawarar tun farko ne ke fitar da su. Ki nemi a ba ki lokaci, ko ki zo da shi a yi muku bayanin tare. Haka nan idan shi ne yake matsa miki ki shiga saboda kuɗin mota ke kuma ba kya so, ki gaya wa ma'aikaciyar a keɓe.

Gwaje-gwajen sabon magani da yawa ba sa ɗaukar mai juna biyu ko mai shayarwa, kuma suna sharɗanta tazarar haihuwa har zuwa wani lokaci bayan an gama. Wasu ma har maza suke sharɗanta wa. Idan kuna neman haihuwa, ko hakan ya saɓa wa ra'ayinku, ku faɗa tun yanzu. Idan ciki ya shiga ana tsakiyar gwaji, a sanar da su a ranar da aka sani.

Ga yara, iyaye ko mai riƙo ne ke sa hannu, amma yaron da ya yi wayo ana yi masa bayani daidai hankalinsa a nemi yardarsa. Uba da uwa su daidaita kafin a je. Kuma a tuna da kaka: sau da yawa ita ce ke ba yaro magani idan uwa ta fita, ita ce kuma za ta iya hanawa.

7. Tantancewa

Sa hannu bai sa ka shiga ba tukuna. Za a auna nauyi da hawan jini, a ɗebi jini da fitsari, a duba hanta da ƙoda, wani lokaci a yi hoton ƙirji ko awon zuciya, a yi wa mata gwajin ciki. Wasu binciken suna gwada ƙanjamau da ciwon hanta. Ka tambayi waɗanne za a yi, ka kuma shirya jin sakamako.

A nan gaskiya ita ce kariyarka. Ka zo da duk abin da kake sha a cikin leda, na asibiti da na kemis. Ka ambaci na gargajiya: jiƙo, tazargade, habbatus-sauda, garin zogale, maganin basir, maganin ƙarfin maza, kayan mata. Mutane suna ganin waɗannan ba magani ba ne don haka ba sa faɗa, alhali wasunsu suna taɓa hanta ko su canza yadda jiki ke sarrafa wani maganin. Idan kana shan taba ko wani abin da kake jin nauyin faɗa, ka faɗa. Bayanin sirri ne.

Gargaɗi: kada ka ɓoye ciwo, ko ka rage shekaru, ko ka shiga gwaji biyu a lokaci guda don a ɗauke ka. Sharuɗɗan hana shiga an sa su ne saboda masu irin wannan yanayin sun fi fuskantar haɗari.

Idan ba a ɗauke ka ba, ba wulaƙanci ba ne, ana mayar da mutane da yawa a wannan mataki. Ka nemi kwafin sakamakonka. Idan an gano wani abu kamar hawan jini, ka nemi takardar tura ka asibitin da ya dace.

8. Rabon rukuni

Ba likita ke zaɓar rukuninka ba, kwamfuta ce ke rabawa kamar ƙuri'a, don haka sanayya ba ta aiki. A gwaje-gwaje da yawa kai da likitan duka ba ku san abin da kake sha ba sai an gama. Ana yin haka ne don kada zato ya gurɓata sakamako. Wani rukunin yana iya samun filasibo, wato ƙwaya ko allura mai kama da ta gaske amma babu magani a ciki. Ka'ida ita ce ba a hana mara lafiya maganin da aka san yana aiki a ba shi filasibo idan hakan zai jefa shi cikin babban haɗari, shi ya sa a ciwo mai tsanani yawanci ana ɗora sabon ne a kan wanda aka saba, ko a kwatanta su biyun.

Akwai kuma gwajin da asibitoci ko ƙauyuka ake rabawa rukuni-rukuni maimakon mutane. Binciken E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya, asibitoci 80 aka raba a ƙasashe huɗu, kuma sakamakon 2023 ya nuna raguwar mummunar zubar jini da kashi 60 cikin 100. A irin wannan, tsarin neman amincewa yakan bambanta, sai ka tambayi yadda nasu yake.

9. Zaman gwajin kansa

Za a ba ka kati mai lambarka da lambar waya ta gaggawa. Ya zauna a aljihu, ka kuma ɗauki hotonsa a waya, ka nuna wa mutum ɗaya a gida inda yake. Ka ba masu binciken lambar waya ta biyu, don layi yakan ɓata, caji yakan ƙare.

Sha maganin yadda aka ce. Ka tambayi yadda ake ajiye shi, domin zafin watan Afrilu a ɗakin kwano yana lalata wasu magunguna. Kada ka yar da kwalba ko fankon katin ƙwaya, ana ƙirga su a kowane zuwa. Idan ka manta ba ka sha ba, ka faɗa, kada ka zubar da ragowar don a ga kamar ka shanye, kada kuma ka haɗa biyu a lokaci ɗaya. Wanda ya yi ƙarya a nan ya sa an yi wa maganin hukuncin da ba nasa ba, kuma wasu marasa lafiya ne za su ɗanɗana daga baya. Idan an ba ka takardar rubuta zafin jiki ko abin da kake ji, ka cika ta a ranar, ba a bakin ƙofar asibiti ba.

Gargaɗi ga iyaye mata musamman: kada a raba maganin gwaji da wani yaro. Tausayi yakan sa uwa ta ce ai ƙanensa ma sikilar ce da shi, bari ta ɗan ba shi. An auna adadin ne da nauyin yaro ɗaya, kuma jininsa kaɗai ake bibiya. Ki kawo ƙanen a duba shi.

Kafin ka sha wani sabon magani, ko a yi maka wata allurar rigakafi, ka kira su. Idan watan azumi zai shigo cikin lokacin gwajin, ka tayar da maganar tun da wuri, a ga ko za a iya mayar da shan maganin sahur da buɗa-baki. Kada ka canza lokacin da kanka. Haka tafiyar Hajji, Umara ko ci-rani: kowane zuwa yana da 'yan kwanakin da aka yarda a matsar da shi gaba ko baya, idan ka faɗa da wuri ana iya daidaitawa.

10. Idan wani abu ya faru

Duk abin da ka ji a jiki ka faɗa, ko da kana ganin ba maganin ba ne. Tantance dalili aikinsu ne. Idan abin gaggawa ne, kamar sarƙewar numfashi, kumburin fuska ko leɓe, ƙuraje masu yaɗuwa da sauri, zubar jini, suma ko jijjiga, ka nufi asibiti mafi kusa ka nuna katin, a kira lambar daga can. Akwai hanyar da ake buɗe sirrin rukuni cikin gaggawa idan likitan da ke ceto yana buƙatar sanin abin da ka sha.

Manyan gwaje-gwaje suna da kwamiti mai zaman kansa da ke duba sakamako lokaci-lokaci, yana iya ba da shawarar a tsayar da gwaji idan illa ta yi yawa ko amfani ya bayyana ƙarara. Idan an samu sabon bayani game da haɗari, wajibi ne a sanar da kai, a sake tambayarka ko za ka ci gaba.

Idan ƙorafi gare ka, fara da babban mai binciken, sunansa yana kan takardarka. Bai saurare ka ba, sai kwamitin ɗa'ar asibitin, daga nan NHREC da NAFDAC. Ka rubuta kwanan wata da sunan wanda ka yi magana da shi a kowane karo.

11. Fita, ko kaiwa ƙarshe

Kana da damar fita a kowane lokaci ba tare da ba da dalili ba, kuma ba za a hana ka kulawar da ka saba samu a asibitin ba. Amma kada ka ɓace kawai ka kashe waya. Wasu magunguna ba a yanke su farat ɗaya, kuma akwai awon ƙarshe da ake yi don lafiyarka. Ka gaya musu, ka mayar da ragowar maganin, ka faɗi ko ka yarda a ci gaba da kiranka, ka tambayi abin da za a yi da jinin da aka ajiye. Bayanan da aka riga aka tattara yawanci suna zama a cikin binciken.

Idan ka kai ƙarshe, ka nemi takardar taƙaitaccen bayani da za ka kai wa likitanka, mai nuna abin da aka yi maka da abin da za a ci gaba da lura da shi. Ka tambayi yaushe za a gaya maka rukunin da kake, da yadda za ka ji sakamakon gaba ɗaya, wanda yakan ɗauki shekara ko fiye. Idan rigakafi ne kuma ya tabbata yana aiki, ka tambayi ko za a yi wa rukunin da bai samu ba. Idan magani ne ya karɓe ka, wa zai ci gaba da ba ka shi, har yaushe, a kan nawa? Amsar wannan ya kamata ta kasance a takardar da ka sa wa hannu tun mataki na 4, sai ka ɗauko kwafinka ka nuna. Kafin ka ba da gudummawar jini ko ka shiga wani gwajin, ka tambayi wata nawa za ka jira, ka rubuta ranar a bayan katinka.